Wa ya ƙirga shamuwar garinmu? Zare kan tarihin ƙidayar tsuntsaye a Arewa 🧵

1/ 'Yan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ku zo in tambaye ku. Yaushe rabon ku da ganin sheƙar shamuwa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari? Hutun da ya wuce na je gida, na tarar tsamiyar ƙofar gidan kakata ta zama gawayi. Sheƙa uku nake gani a kanta ina yaro.

2/ Na ce, "Kaka, ina shamuwar ta koma?" Ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya bi sawunta?" Maganar nan ta tsaya min a rai, don akwai mutanen da aikinsu ke nan: bin sawun tsuntsu, ƙirga shi, rubuta inda yake sheƙa. Kuma aikin ya daɗe a ƙasar Hausa fiye da yadda muke zato.

3/ A 1885 zuwa 1886 wani matashi Bajamushe, Ernst Hartert, ya ratsa Zariya, Kano da Sakkwato yana tattara tsuntsaye. A 1919 zuwa 1920 Angus Buchanan ya tashi daga Kano zuwa Azbin don irin wannan aiki. Salon zamanin: a harbe tsuntsu, a feɗe, a busar da fatar, a kai gidan tarihi a Turai.

4/ Wannan ya nuna wane tsuntsu ke ina, amma bai nuna yawansu ba. Sauyi ya zo a 1964 da aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya. Cikin jagororinta akwai Bob Sharland a Kano da Hilary Fry, malami a ABU Zariya.

5/ Shi Fry shekaru ya yi yana bin wani ɗan koren tsuntsu mai jan wuya, mai cin ƙudan zuma, wanda ke haƙa ramin sheƙarsa a gaɓar rafi. Yana sa musu zobe a ƙafa, yana komawa ramukan duk shekara. A haka ya nuna cewa wasu ba sa yin nasu ƙwan, sai su taya 'yan uwansu ciyar da 'ya'ya. A Zariya fa, nan kusa da mu.

6/ A duniya kuwa, an fara ƙidayar tsuntsayen ruwa ta ƙasa da ƙasa a 1967. Duk watan Janairu ake yi, a bakin teku da tafkuna da fadamu, kusan lokaci guda, don kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu. Afirka ta samu nata tsarin a 1991.

7/ Me ya sa adadin ke da muhimmanci? Yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wadda aka sa wa hannu a Iran, tana kare dausayi. Cikin sharuɗɗanta: wuri ya riƙa ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani jinsi. In ba ka ƙirga ba, ba ka da hujja.

8/ Mu ba mu da teku, amma muna da dausayin Haɗeja zuwa Nguru. Agwagin daji da ke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha suna tsallake Sahara su yi hunturu a can. An fara shirin kare shi a 1987, Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, kuma a 2000 yankin tafkin Nguru ya zama wurin Ramsar na farko a Najeriya.

9/ Ƙidayar ta yi wa mutane ma amfani. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ruwan da ke malala a dausayin. Ruwan da agwagwa ke nema, shi masunci da mai noman shinkafa da makiyayi ke nema. Bayanan da aka tara kan ruwa da tsuntsaye sun shiga hujjar masu cewa a riƙa sakin ruwa.

10/ To mu dawo gida. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandun daji na ƙasa guda 10, har da dajin Kogo na yankin Faskari. A ranar 11 ga Disamba na shekarar aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Dajin da manomi ba ya iya shiga, wa zai shige shi da madubin hangen nesa?

11/ Na san wani zai ce, "Malam, ana ta rai kana ta tsuntsu?" Gaskiyarka, rai ne gaba. Amma dubi gauraka: ita ake kira tsuntsuwar ƙasa, yau da wuya ka gan ta a dajin Najeriya. Ungulu ta mahauta kuwa, tun 2015 tana jerin masu gab da ƙarewa. Yawancinmu sai bayan sun tafi muka lura.

12/ Ita shamuwa tana da sauƙin ƙirga. A cikin gari take sheƙa, ba a daji ba. Tana zuwa gab da damina, ta yi ƙwai, ta cinye fara da tsutsa a gona, in rani ya kama ta nufi kudancin Afirka. Ba sai ka fita bayan gari ba.

13/ Tun 2015 cibiyar APLORI da ke Jos ke tafiyar da taswirar tsuntsayen Najeriya. An raba ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Ka sauke manhajar BirdLasser, ka rubuta abin da ka gani, ka tura. Akwai matasan Arewa da ke yi.

14/ Roƙona: bana in shamuwa ta sauka, ka rubuta ranar, irin bishiyar, da yawan sheƙa. Ka tambayi tsofaffin unguwa nawa suke gani da. Kada ka shiga daji, don Allah. Ni na buɗe littafina da tsamiyar Kaka: sheƙa uku a da, bana babu. Ku ajiye min naku a ƙasa, da sunan unguwa.