Na'urar POS a ƙasar Haɗeja: asalinta, kamfanonin da ke bayanta da dokokin da suka ɗaure ta

Na'urar POS wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce ta hannu, mai ɗauke da layin waya a cikinta, wadda ake zura wa katin banki domin biyan kuɗi. A ƙasashen da aka ƙirƙiro ta, aikinta bai wuce karɓar kuɗin kaya a kanti ba. A Najeriya kuwa ta ɗauki nauyin da ya fi wannan: a wurinta ake cirar kuɗi, a tura wa wani, a saka a asusu, a sayi katin waya, a biya kuɗin wuta. A Kafin Hausa da sauran garuruwan da ke bakin Kogin Haɗeja, mai POS shi ne bankin da mafi yawan jama'a suka sani ido da ido.

Dalilin karɓuwarta a yankin

Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas daga cikin 27 na Jihar Jigawa: Haɗeja, Kafin Hausa, Auyo, Malam Madori, Kaugama, Birniwa, Guri da Kirikasamma. Arzikin yankin ya dogara ne a kan fadama, wato shinkafa, alkama, tattasai, albasa da kifi, sai kuma riɗi da zoɓo a gonakin tudu. Irin wannan arziki yana zuwa ne lokaci guda. Manomi kan sayar da amfanin wata huɗu a rana ɗaya, washegari kuma ya buƙaci tsabar kuɗi don sallamar 'yan ƙwadago, mai injin casa da mai man injin ban-ruwa.

Rassan bankunan kasuwanci sun fi taruwa a manyan garuruwa irin su Dutse da Haɗeja. Mutumin ƙauye da ke son cirar 'yan dubbai sai ya yi kuɗin mota, ya ɓata yini a layi, ya dawo da kuɗi a aljihu kan hanyar da ba lallai ta zama mai aminci ba. Idan damina ta yi ƙarfi, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta yanke hanyoyi da dama a Jigawa, tafiyar ma kanta takan gagara.

Binciken da ƙungiyar EFInA ta gudanar a 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manyan mutanen Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, yayin da a shiyyar Arewa maso Yamma, inda Jigawa take, adadin ya kai kashi 47. Wannan gibin ne sababbin kamfanonin fasaha suka hango kasuwa a cikinsa.

Yadda abin ya faro

Tushen sana'ar yana cikin wasu matakai da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ɗauka a jere. A 2012 ya fara gwajin tsarin taƙaita amfani da tsabar kuɗi a Legas, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan bankin. A 2013 ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki, waɗanda suka halatta wa mai shago ko wani ɗan kasuwa ya yi wasu ayyukan banki a madadin cibiyar da ke da lasisi. A watan Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN, wadda ta ba da damar tantance mai asusu da zanen yatsunsa. A 2018 kuma CBN da bankuna suka kafa shirin SANEF domin yaɗa wakilai zuwa yankunan da babu rassa, musamman a Arewa.

Doka ta buɗe ƙofa, amma bankunan gargajiya sun yi jan ƙafa wajen shiga. Waɗanda suka ruga ciki su ne kamfanoni masu tasowa, waɗanda ba su da gine-gine, sai manhaja da jarin ƙetare.

Kamfanonin da ke bayan na'urar

Paga, wanda Tayo Oviosu ya kafa a 2009, yana cikin na farko da suka gina sana'arsu a kan wakilai. Sai dai sunaye uku ne suka fi yawo a bakin jama'a a yau.

Moniepoint ya samo asali ne daga kamfanin TeamApt, wanda Tosin Eniolorunda da Felix Ike suka kafa a Legas a 2015, suna rubuta wa bankuna manhaja. A 2019 suka shiga harkar wakilai da kansu, daga baya suka samu lasisin ƙaramin banki. A watan Oktoban 2024 kamfanin ya sanar da samun jarin dala miliyan 110, har da na wani asusun zuba jari na Google, lamarin da ya kai darajarsa dala biliyan ɗaya.

OPay ya fara aiki a 2018 a ƙarƙashin kamfanin Opera, wanda masu ƙananan wayoyi suka sani da manhajar shiga intanet ta Opera Mini, kuma attajirin ƙasar Sin Zhou Yahui ne jagoransa. Da farko ya haɗa da harkar acaɓa ta manhaja, amma ya watsar da ita a 2020 ya tsaya kan hada-hadar kuɗi. A 2021 ya tara dala miliyan 400 daga masu zuba jari ƙarƙashin jagorancin SoftBank na Japan.

PalmPay ya shigo a 2019 da jarin dala miliyan 40, da goyon bayan Transsion, kamfanin ƙasar Sin mai ƙera wayoyin Tecno, Itel da Infinix. Wannan dangantaka ta ba shi fifiko babba, domin waɗannan wayoyi ne suka cika hannun talaka, kuma da yawansu kan zo da manhajar PalmPay a ciki tun daga kwali.

Ita kanta na'urar galibi a ƙasar Sin ake ƙera ta, a masana'antun kamfanoni irin su PAX. Tsofaffin samfura masu maɓallai ne, sababbin kuwa suna da allon shafawa kuma suna aiki da Android kamar wayar hannu.

Canjin kuɗi na 2023

Babu abin da ya sauya matsayin POS kamar canjin fasalin naira. A ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan CBN na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000. Sababbin sun fara yawo a ranar 15 ga Disamba, aka kuma sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, kafin a ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. An kwashe tsofaffin kuɗi daga hannun jama'a, sababbin kuma ba su wadata ba.

A yankin da cinikin hatsi, kifi da dabbobi ke tafiya da tsaba, kasuwanni sun yi sanyi a daidai lokacin noman rani. Wasu masu POS sun riƙa sayen takardun kuɗi daga 'yan kasuwa suna sayarwa da tsada. Manhajojin manyan bankuna da dama sun kasa ɗaukar cunkoson masu tura kuɗi, yayin da na sababbin kamfanonin suka fi jurewa. Dattijon da a da ba ya yarda da kuɗin da bai ƙirga da hannunsa ba, dole ta sa ya koyi jiran alat.

Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara sun kai ƙarar gwamnatin tarayya, kuma a ranar 3 ga Maris, 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Kuɗi sun dawo, amma tiransifa ta riga ta zauna a kasuwa.

Yadda kuɗi ke tafiya

Idan aka zura kati aka danna lambar sirri, na'urar kan aika saƙo ta layin waya zuwa kamfanin da ya bayar da ita. Daga can saƙon ya bi ta cibiyoyin da ke haɗa bankuna, kamar NIBSS da Interswitch, har ya isa bankin mai katin. Bankin ya cire kuɗin, a zuba su a asusun wakilin, shi kuma ya ƙirgo tsaba daga jakarsa ya miƙa. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi ne idan sabis na da kyau. Idan ya yanke a tsakiya, a nan ake samun matsalar da kowa ya sani: an cire kuɗi, amma rasit ya nuna bai tafi ba.

Abin lura shi ne tsabar da wakili ke bayarwa tasa ce, ba kamfani ke kawo masa ba. Yakan samo ta daga banki, ko daga gidan mai, ko daga babban ɗan kasuwa da ya tara ciniki yana son a mayar masa da shi asusu. Ladan da yake karɓa a kan kowace cira, daga ciki ne kamfani ke yankar rabonsa, ragowar kuma ta biya kuɗin data, cajin na'ura, takardar rasit da kuɗin motar neman tsaba. Shi ya sa caji kan tashi a ƙauyen da ke nesa da banki, da ranar kasuwa, da gabanin sallah. Ƙarancin wutar lantarki ya sa yawancin wakilai dogaro da ƙaramin faifan sola ko fawa-bank.

Dokokin da suka shafi sana'ar

Tun bayan 2023 hukumomi suke ta ƙara ɗaure harkar, saboda ƙorafin damfara da amfani da asusun bogi wajen karɓar kuɗin fansa.

A watan Disambar 2023, CBN ya wajabta haɗa kowane asusu, har da mafi ƙanƙanta, da lambar BVN ko NIN. A watan Afrilun 2024 ya dakatar da OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda daga buɗe wa sababbin mutane asusu har sai sun gyara tsarin tantancewa, ya kuma ɗage takunkumin a watan Yuni. A shekarar ce aka umarci masu POS su yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Daga 1 ga Disamba, 2024 harajin gwamnati na naira 50 a kan tiransifar naira 10,000 zuwa sama ya hau kan asusun waɗannan kamfanoni, kamar yadda yake a bankuna.

A cikin watan Disambar 2024 ɗin dai, CBN ya ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai ciri fiye da naira 100,000 a rana a wurin wakili ba, ko naira 500,000 a mako, kuma jimillar abin da wakili zai fitar a rana kada ta wuce naira miliyan 1.2. Wannan iyaka ta fi taɓa yankin noma, domin a farashin yau kuɗin 'yan buhunan shinkafa kaɗan ya zarce naira 100,000. A watan Agustan 2025 aka umarci a ɗaure kowace na'ura da taswirar wurin da aka yi mata rajista, a watan Oktoba kuma sababbin ƙa'idoji suka tanadi cewa daga 1 ga Afrilu, 2026 wakili zai yi aiki da kamfani ɗaya kacal. Wakilan da suka saba bin kasuwannin mako-mako, ko riƙe na'ura biyu don idan sabis ɗin ɗaya ya ɗauke a koma ɗayar, su ne waɗannan matakai suka fi shafa.

Haƙƙin mai hulɗa

Idan aka cire kuɗi a POS ba tare da cinikin ya kammala ba, ƙa'idar da CBN ya fitar a 2020 ta ce a mayar da su cikin sa'o'i 72. Ƙorafi na farko wurin bankin da ya ba da katin ake kai shi, tare da rasit, domin mai POS ba shi da ikon dawo da kuɗin da ba su shiga asusunsa ba. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, ana iya ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa na CBN.

Kuɗin da aka ajiye a waɗannan kamfanoni suna da inshorar hukumar NDIC, amma da iyaka. Bisa ƙarin da aka yi a 2024, idan cibiya ta durƙushe, mai ajiya a bankin kasuwanci ko a kamfanin kuɗin waya zai samu har naira miliyan 5, mai ajiya a ƙaramin banki kuwa har naira miliyan 2. Dillalin hatsi da ke tara kuɗin kaka a wuri ɗaya yana da kyau ya san wane irin lasisi ne kamfaninsa ke riƙe da shi.

Mafi yawan asara ta hanyar sakaci take shigowa. Mutumin da bai iya karatu ba kan miƙa kati ya faɗi lambar sirrinsa da baki a gaban jama'a. Akwai masu musanya kati, akwai masu nuna alat na bogi su kwashi kaya, akwai kuma masu kira a waya da sunan ma'aikatan banki suna neman lambar da aka turo. Babu bankin da ke neman lambar sirri ta waya, kuma ɗan kasuwa ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi a cikin asusunsa, ba a allon wayar mai saye ba.

Rabon yankin a cikin harkar

Matasan ƙasar Haɗeja sun samu abin yi a sana'ar, sai dai a matakin ƙarshe nata suke: manhajar ba a yankin ake rubuta ta ba, na'urar daga Sin take, jarin kuma na ƙetare ne. Dokar kamfanoni masu tasowa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 19 ga Oktoba, 2022, ta tanadi rangwamen haraji da asusun tallafi ga kamfanin fasaha da bai wuce shekara goma da rajista ba, muddin aƙalla kashi ɗaya bisa uku na hannun jarinsa na 'yan Najeriyar da suka kafa shi ne. Hukumar NITDA ce sakatariyar aiwatar da dokar, kuma shugabanta tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. A Kafin Hausa akwai Jami'ar Sule Lamido, wadda aka kafa a 2013, a Haɗeja kuma akwai Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman.

Buƙatun da manyan kamfanonin ba su gama biya ba a bayyane suke a kasuwannin yankin: manhajar da ke magana da Hausa ga wanda ba ya karatu, hanyar biyan kuɗi da ke aiki inda sabis ke rauni, da bashin noma da ake biya da kaka maimakon wata-wata. Waɗanda suka fi sanin waɗannan matsaloli su ne matasan da ke zaune a ƙarƙashin lema da na'urar a hannu, suna ganinsu kowace ranar kasuwa.