Yini Guda a Ƙauyen Injinan Iska na Zaanse Schans

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Tun ranar da na sauka ƙasar Holand domin karatu, babu inda zan juya ban ga hoton injin iska ba, a jikin kwalin biskit, a katin gaisuwa, har a jikin faranti. Na ɗauka abin ado ne kawai, irin wanda kowace ƙasa ke riƙewa don jawo baƙi. Ina cikin wannan zato har hutun bazara ya zo, ni da wani ɗan'uwa ɗalibi ɗan Zangon Kumasi muka shirya zuwa Zaanse Schans, ƙauyen da ke bakin kogin Zaan, arewa da birnin Amsterdam.

Tafiyar ba ta da nisa. Daga babbar tashar Amsterdam jirgin ƙasa bai cika minti 20 ba ya sauke mu, sauran kuma a ƙafa. Tun kafin mu hango fukafukin inji ko ɗaya, wani ƙanshi ya tare mu a hanya. Abokina ya tsaya cak, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ai ƙanshin gida ne." Ƙanshin koko ne, ba wanda muke sha da ƙosai ba, wanda ake yin cakulan da shi. Masana'antun sarrafa shi na nan jere a bakin kogin, kuma yawancin abin da suke niƙawa daga Afirka ta Yamma yake zuwa, musamman Kodebuwa da Gana, har da Nijeriya da Kamaru, domin tashar jiragen ruwa ta Amsterdam na sahun gaba a duniya wajen shigo da koko. Ya ce mahaifinsa ya yi shekaru yana dakon buhunan koko, amma bai taɓa sanin inda suke ƙarewa ba.

Da muka haye gada sai ga ƙauyen: gidajen katako masu koren fenti, ƙananan magudanun ruwa, tumaki na kiwo, ga injinan jere a bakin kogi suna juyi. Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne, ashe ƙauyen kansa ba tsoho ba ne. Gidajen da injinan su ne tsofaffi. Tsakanin 1961 da 1974 aka riƙa ɗauko su daga garuruwan da ke kewaye, wasu a kan manyan motoci, wasu a jiragen ruwa, ana dasa su a nan don kada sabbin gine-gine su cinye su. Sunan wurin kuwa ya samo asali ne daga wata ganuwa da aka yi a 1574, lokacin da mutanen ƙasar ke yaƙin ƙwatar kansu daga hannun Sifaniya. Akwai shagon cuku da wurin sassaƙa takalman katako, inda baƙi suka fi cincirindo. Mu dai leƙawa muka yi muka wuce.

Domin mai karatu ya gane abin da ya faru a wannan yanki, sai an koma ga wani mutum mai suna Cornelis Corneliszoon, ɗan garin Uitgeest. Kafin zamaninsa, a nan ma mutum biyu ne ke kama zarto, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, su yini a kan gungume guda. A 1594 ya haɗa injin iska da wani lanƙwasasshen ƙarfe, irin wanda ke cikin injin mota a yau, wanda ke mayar da juyin fukafukai ya koma hawa da sauka. Da haka iska ta fara jan zarto. Masu yankan katako da hannu na Amsterdam, waɗanda ke da ƙungiya mai ƙarfi, suka ga abincinsu zai ƙare, suka tsaya kai da fata aka hana kafa irin wannan inji a birnin har tsawon shekaru. Mutanen Zaan ba su da irin wannan ƙungiya, saboda haka arzikin ya faɗo a hannunsu. Ban ga laifin masu zarton ba, kowa na kare tukunyarsa, amma dai birnin ne ya yi asara.

Katako mai araha shi ya haifi jiragen ruwa masu araha. Gomman wuraren ƙera jirage suka cika bakin kogin, har sunansu ya kai Rasha. A 1697 Sarkin Rasha, Bitrus Babba, ya zo garin Zaandam a ɓoye da sunan wani, ya kama ɗaki a gidan wani maƙeri don ya koyi ƙirar jirgi. Kwanaki kaɗan ya yi jama'a suka gane shi suka hana shi sakat, ya koma Amsterdam. Gidan na nan har yau, an gina masa rumfa ta bulo. A ƙarni na 18 injinan da ke aiki a wannan ɗan yanki a lokaci guda sun kai kusan 600. Wasu na yanka katako, wasu na matsar mai, wasu na yin takarda, wasu na niƙa kayan yaji, taba, fenti da koko. Shi ya sa masana tarihi ke lissafa Zaan cikin yankunan masana'antu na farko a Turai, tun kafin a san injin tururi.

Mun hau injin da ake kira De Kat, mai niƙa alli da garin launi, amma inda na daɗe shi ne De Zoeker, injin matsar mai wanda aka gina a 1672. Da shigata na ji ƙanshin soyayyar gyaɗa. Wasu manyan duwatsu biyu, kowanne ya fi ni tsawo, na tsaye a kan gefensu suna zagaye, suna murƙushe gyaɗar. Ma'aikacin ya kwashe garin ya ɗumama shi a kan wuta, ya zuba a ƙananan jakunkuna, ya jera su a cikin wani akwatin katako. Daga nan wani ƙaton gungume da iska ke ɗagawa ya riƙa faɗowa a kan wani itace mai tsini, yana ƙara matse jakunkunan, ginin duka na girgiza, mai na tsiyaya a ƙasa. Da ya zare jakar ya fito da abin da ya rage, na kusa yin dariya. Tunkuza ce sak. Aikin da na tashi ina ganin mahaifiyata na yi a tsakar gida da turmi da ruwan zafi, tana murzawa har kafaɗunta su yi ciwo, shi ne nan ba ragi ba ƙari, sai dai su sun ɗora wa iska wahalar shekara fiye da 300 da suka wuce.

A nan tunanina ya tsaya. Wannan ƙasa ba ta noma gyaɗa, ba ta noma koko, ba ta da dazuzzukan da za su ishe ta katako. Gungumen daga Jamus da ƙasashen arewacin Turai ake kawo su, itacen rini daga Barazil, kayan yaji daga Asiya. Abin da suka mallaka shi ne iska, ruwa da dabarar sarrafa kayan wasu. Mu kuwa da muka tara dalar gyaɗa a Kano, yawancinta a buhu ta bar mu, aka matse ta a Turai.

Sannan akwai ɓangaren da ba ya fitowa a katin gaisuwa. Ƙarfin jiragen da katako mai araha ya ba Holand shi ya kai ta gaɓar tekunmu. An kafa kamfaninsu na cinikin Yamma a 1621, kuma a 1637 suka ƙwace gidan Elmina daga hannun Fotugal, suka riƙe shi har 1872 da suka miƙa wa Ingila. An ƙiyasta cewa jiragen Holand sun tsallaka da 'yan Afirka kusan 600,000 zuwa bauta, ba a kuma soke bautar a Suriname ba sai 1863. Abokina ya taɓa shiga ɗakunan ƙarƙashin Elmina, ya kuma tuna mini cewa da yawa daga waɗanda aka kai gaɓar teku mutanen arewa ne, kuma fatakenmu ba baƙi ba ne a kasuwar Salaga, inda ake cinikin goro da na bayi. Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa. Sai a Disambar 2022 Firayim Minista Mark Rutte ya nemi gafara a madadin gwamnati, Sarki Willem-Alexander kuma ya yi haka a Yulin 2023.

Injinan su ma zamani ya juya musu baya. Da tururi ya shigo a ƙarni na 19 aka riƙa rushe su, wasu gobara ta cinye, har suka koma 'yan ƙalilan. A 1925 wasu mutanen yankin suka kafa ƙungiyar De Zaansche Molen don ceto waɗanda suka rage. Injin katakon da ake kira Het Jonge Schaap an rushe shi a 1942, amma saboda wani ya auna shi ya zana komai kafin a rushe, aka sake gina shi a 2007. Mun tsaya mun ga zartunansa na cin gungume a hankali, ba wuta ba fetur.

Da dare na buga wa mahaifiyata waya na ba ta labarin duwatsun da gungumen da man da ke tsiyaya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, tunkuzar fa, wa ke soya musu ƙuli-ƙuli?" Na ce, "Inna, dabbobi suke ba wa." Ta yi salati, ta ce in ba ta ji da bakina ba, da ba za ta yarda ba.