Muzakara da Karatu: Raddi a Kan Sukar Tarukan Masu Rubuta Manhaja

Wani abokin aikina, malami a fannin kimiyyar kwamfuta kuma maƙwabcina a nan Kambarawa cikin Katsina, ya daɗe yana sukar tarukan nan da samari masu rubuta manhaja suke shirya wa kansu, inda ba a gayyato shehin malami ba, ba a kuma tsara jadawali tun kafin ranar ba, sai dai kowa ya zo da abin da ya sani ya baje a gaban 'yan'uwansa. Hujjarsa, kamar yadda na fahimce ta, ita ce ilimi ba ya tabbata sai an ɗauke shi daga bakin wanda ya ɗauka daga wani, kuma garin da ya yi Gobarau, ya fitar da Wali Ɗanmarna da Wali Ɗanmasani, ya fi ƙarfin a koya masa cewa taron ɗalibai ba malami makaranta ne. Maganar tana da nauyi, mai ita kuma ba jahili ba ne, shi ya sa na ga ta cancanci raddi a rubuce.

Asalin wannan salon taro sananne ne ga abokan fanni, don haka ba zan tsawaita ba. Harrison Owen ya fito da tsarin buɗaɗɗen zama a shekarun 1980, Tim O'Reilly ya fara taronsa na Foo Camp a 2003 bisa gayyata, sannan a watan Agustan 2005 waɗansu suka shirya BarCamp na farko a Palo Alto ta ƙasar Amurka, cikin ƙasa da mako guda, suka buɗe ƙofa ga kowa. Sharaɗinsu shi ne babu ɗan kallo: da safe a kafa allo ba komai a kansa, duk mai magana ya rubuta batunsa da sa'ar da yake so, wanda kuma ya ga ba ya ƙaruwa a wani zama ya tashi ya koma wani ba tare da an ga laifinsa ba.

Inda nake ganin abokina ya zame shi ne wurin da ya ɗauka cewa magabatanmu hanya ɗaya kaɗai suka sani ta neman ilimi. Gaskiya ne ɗalibin zaure yakan durƙusa gaban malaminsa ya biya Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya da Risala, malam yana fassara yana gyara masa wasali, kuma ba a ba shi izinin karantarwa sai an yarda da shi. Amma wannan ɗalibin, in ya tashi daga gaban malam, wurin sa'o'insa yake zuwa su yi muraja'a, su yi ta jayayya a kan mas'alar da ta shige musu duhu, kuma malamai ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin raini ba. Shehu Zarnuji, a cikin Ta'alimul Muta'allimi, littafin da kusan babu zauren ilimi a ƙasar Hausa da bai san shi ba, ya wajabta wa ɗalibi muzakara da munazara tare da abokansa, har ya fifita amfaninsu a kan maimaita karatu shi kaɗai, da sharaɗin a yi su da adalci da nufin fito da gaskiya, ba don kunyata abokin magana ba. To, in har taron samarin nan yana da ɗan'uwa a cikin al'adarmu, muzakara ce 'yar'uwarsa, kuma auna shi da ma'aunin karatu gaban malam ƙiyasi ne da bai haɗa illa ba.

Na san abin da zai ce, domin ya sha faɗa mini: muzakara tana zuwa ne bayan darasi, ana tattauna abin da malami ya riga ya inganta, alhali waɗannan yara suna koya wa juna abin da ba wanda ya tantance, makaho yana yi wa makaho jagora. A nan ne sai mu tambayi kanmu dalilin da ya sa malaman Musulunci suka tsananta a kan isnadi tun farko. Ilimin naƙali ba shi da wata hanyar tabbatarwa sai amanar wanda ya ruwaito, domin ba za a iya komawa a sake jin maganar daga bakin mai ita ba, saboda haka dole a san wane ya ji daga wane. Rubutun manhaja kuwa yana tafe da shaidarsa. Idan saurayi ya miƙe ya ce ga hanyar da za a sa manhajar waya ta ci gaba da aiki ko da intanet ya ɗauke, ba a buƙatar a tambaye shi wa ya ba shi ijaza, sai a ce ya kunna a gani, in ya yi kuskure na'urar ce za ta ƙaryata shi a gaban jama'a kafin kowa ya buɗe baki. Sannan akwai batun zamani. Risalar Ibn Abi Zaid ta haura shekara dubu ana karanta ta yadda ya bar ta. Harshen Python na biyu kuwa an daina kula da shi a farkon 2020, Google ya fifita Kotlin a kan Java wajen rubuta manhajar Android a 2019, Flutter ma bai fito a cikakkiyar siffarsa ta farko ba sai ƙarshen 2018. Manhajar karatun jami'a, wadda sai ta bi kwamitoci kafin a sauya mata layi guda, ba ta da ƙafar da za ta bi wannan gudun, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ne, ko a Al-Qalam, ko a wata ƙasa can daban. Ba aibin malamai ba ne, ɗabi'ar fannin ce. Sau da yawa wanda ya fi kowa sanin sabon abu a gari shi ne wanda ya kwana yana kokawa da shi jiya, ko da kuwa bai kammala digiri ba.

Sai dai adalci ya tilasta mini in rage faɗin da'awata, domin shaidar na'ura ba ta game komai ba. Manhaja tana iya aiki sarai alhali a cikinta akwai kafar da ɓarawo zai bi ya kwashe bayanan mutane, tana iya gudu da masu amfani goma ta durƙushe da dubu goma, kuma irin wannan ba a gane shi a zaman rabin sa'a; sai wanda ya karanci usulin fannin, lissafinsa da tsarin bayanansa, ko ya daɗe yana aiki a ƙarƙashin gwani. Haka nan wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya ba, in ya je irin wannan taro, zai dawo da sunayen abubuwa ne kawai da ɗokin da ba lalle ya kai wata mai zuwa ba. Saboda haka abin da nake iya tsayawa a kansa bai wuce wannan ba: ga wanda ya riga ya sami tushe, taron sa'o'i shi ne hanya mafi sauri, a iya ganina, ta sanin abin da ya sauya da abin da ya dace da halinmu na ƙarancin wuta da tsadar data. Tushen kuwa na malami ne, kuma a kan wannan ni da abokina ba mu da saɓani.

Akwai kuma wani abu da masu yabon tarukan ba sa son ji. Yawancin abin da ake yi a garuruwanmu, ko a ƙarƙashin rassan Google Developer Groups da bikinsu na shekara-shekara da ake kira DevFest, ko a cibiyoyi irin su CoLab da aka buɗe a Kaduna a 2016 da Kirkira ta nan Katsina, ya fi kama da lacca: an zaɓi masu jawabi tun da wuri, suna sama, jama'a suna ƙasa suna tafi. Wannan yana da nasa amfanin, amma ba shi ne allon da ba komai a kansa ba, don haka rabin sukar abokina ta sauka ne a kan abin da ba a cika yi ba tukuna. Ko da an kafa allon ma, ina shakkar zai cika da kansa a wurin da tarbiyya ta hana yaro gyara maganar wanda ya girme shi, inda kuma 'yan mata kan zauna a baya su tashi kafin magariba. Ƙa'idar da aka yi a Palo Alto ta ɗauka kowa zai miƙe ya yi magana. A nan, in ba a yi dabara ba, masu baki uku ko huɗu ne za su cinye ranar.

Don haka kirana ga masu shirya tarukan shi ne su raba mutane gida-gida, kowane zama kada ya wuce adadin da zaure ɗaya zai ɗauka, su yarda a yi bayani da Hausa, su sa lokacin da rana, su kuma sharɗanta cewa duk wanda ya yi da'awa ya kunna aikinsa a gani. Shi kuwa abokina Malam, ina roƙonsa ya halarci ɗaya daga cikinsu, ya zauna a sahun mahalarta, ya rubuta batunsa a allo kamar kowa, domin kafar tsaron nan da na'ura ba ta nunawa, irinsa ne kaɗai za su iya nuna wa yaran.