Juya bidiyo daga kwamfuta zuwa kaset

Juya bidiyo daga kwamfuta zuwa kaset shi ne mataki na ƙarshe a aikin haɗa fim a zamanin da ake tace hoto a kwamfuta amma ake kallo a kaset. A Arewacin Najeriya an fi yin sa daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000. Kaset ɗin farko da ya fito daga wannan aiki shi ake kira masta, kuma daga gare shi ake buga sauran kwafi.

Yadda ake yi

Bayan an gama tace hoto, ana haɗa kwamfuta da kyamara ko na'urar MiniDV ta wayar FireWire, wadda kamfanin Sony ke kira i.LINK. Daga nan sai a ja wayoyi uku zuwa na'urar VHS: mai ruwan ɗorawa ta hoto, ja da fara na sauti. A wancan lokacin, manhajoji irin su Adobe Premiere suna da umarni na musamman na tura aiki zuwa kaset. Najeriya tana kan tsarin PAL, mai hoto 25 a daƙiƙa ɗaya, don haka fim ɗin da aka tace a tsarin NTSC na Amurka sai an sauya shi tukuna.

Aikin ba ya gaggautuwa. Fim na awa biyu awa biyu yake ɗauka, domin kaset yana naɗar abin da ake kunna masa ne kai tsaye. Idan wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta sarƙe a tsakiya, yawanci sai a koma farko, shi ya sa masu aikin suka fi dogara da janareta. Wuri ma matsala ne: awa ɗaya ta bidiyon DV tana cin kimanin gigabayit 13, nauyi babba ga kwamfutocin lokacin. Saboda haka akan goge aikin da zarar an fitar da masta, kaset ya zama shi kaɗai ne shaida.

Raguwar inganci

Kwafin kwamfuta daidai yake da asalinsa, amma VHS ba haka yake ba. Duk kaset ɗin da aka kwafa daga wani sai launinsa ya ɗan dushe, gefen hoto ya yi rawa, sauti ya ƙara shuu. Yawancin ƙorafin da ake yi kan dishi-dishin tsofaffin finafinan Hausa ya fi dacewa da kwafi na uku ko na huɗu, ba da masu ɗaukar hoton ba.

Kano da Haɗejiya

Masana'antar finafinan Hausa ta faro a kaset ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. A wancan zamani, dillalan Ƙofar Wambai da Bata ne ke rarraba finafinai zuwa garuruwa, har da na Jigawa irin su Haɗejiya, inda shagunan haya ke ba da su. A irin waɗannan garuruwa akwai kuma masu ɗaukar bidiyon biki da hawan salla, waɗanda ke miƙa aikinsu a kaset domin shi ne abin da gidaje ke iya kunnawa, kafin faifan CD ya kore shi.

Adanawa

Danshi da zafi su ne manyan maƙiyan zaren kaset, domin suna sa shi fumfuna ko ya manne. Wannan ya shafi yankin fadamar Kogin Haɗejiya, inda ambaliya ta shiga gidaje a ƙananan hukumomi irin su Auyo da Kirikasamma da Guri a 2018 da 2020 da 2022. Kaset ɗin da ya jiƙe bai kamata a kunna shi ba sai ya bushe an tsabtace shi, in ba haka ba zaren na iya tsinkewa.

Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina a watan Yulin 2016. Yanzu aikin ya juya: daga kaset ake kwashe bidiyo zuwa kwamfuta, ta ƙaramar na'urar da ake sakawa a USB, shi ma awa da awa.