Yaƙin Durenstain: ranar da aka rutsa da sojojin Faransa a bakin kogin Danub

Da yawa cikinmu sun taɓa jin sunan Napoleyon, sarkin Faransa. Yau ga labarin wani ƙaramin yaƙi na zamaninsa, wanda ya kusa halaka rundunarsa guda a wuni ɗaya.

An gwabza shi ran 11 ga watan Nuwamba 1805, kusa da garin Durenstain a ƙasar Ostiriya, kimanin kilomita 70 yamma da Biyena, babban birnin ƙasar. A lokacin Ostiriya da Rasha sun haɗa kai suna yaƙar Faransa. Makonni uku kafin nan, babbar rundunar Ostiriya ta miƙa wuya ga Napoleyon a garin Ulm. Sai janar Kutuzof na Rasha ya fara ja da baya, ya ƙetare kogin Danub zuwa gaɓar arewa, ya ƙona gadar bayansa.

A wannan gaɓar ta arewa kuwa akwai marshal Mortiye na Faransa da rundunarsa kashi uku. Hanyar matsattsiya ce, ga kogi a dama, ga duwatsu a hagu. Mortiye ya bar sojojinsa suka yi nisa da juna: kashin janar Gazan, mai mutum kusan dubu shida, yana gaba, na janar Dupon kuma yana baya da tafiyar kusan wuni guda. Shi a zatonsa ƴan Rasha gudu suke yi. Ashe Kutuzof na jiransa da sojoji da suka ninka na Gazan sau da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da safe ƴan Rasha suka faɗa wa Gazan ta gaba. Wani janar ɗan Ostiriya mai suna Shimit, wanda ya tsara dabarar, ya bi da wata runduna ta cikin duwatsu don su ɓullo ta baya. Hanyar ta yi wuya, ba su iso ba sai da yamma, amma da isowarsu suka rufe Faransawa gaba da baya.

Abin da ya cece su shi ne Dupon. Da ya ji ƙarar igwa sai ya matsa da sauri, aka ci gaba da faɗa har cikin dare. A cikin duhun nan ne aka harbe Shimit ya mutu. Kashin Gazan ya yi asarar fiye da kashi 40 cikin ɗari na mutanensa. Bayan haka Mortiye ya kwashe sauran ya ƙetare kogi.

Kowane ɓangare ya ce shi ya ci. Amma yaƙin bai tsai da Napoleyon ba: ran 13 ga Nuwamba Faransawa suka shiga Biyena, ran 2 ga Disamba kuma suka murƙushe Rasha da Ostiriya a Ostalis.

Waɗanda suka ji jiki ba tare da laifin komai ba su ne manoman inabi na ƙauyukan Loiben, inda aka yi faɗan. An wawashe musu dukiya, an ɓata musu gidaje, ga hunturu ya kama. A shekarar 1905, shekara ɗari bayan yaƙin, aka gina hasumiyar tunawa kusa da wurin, kuma tana nan har yau.