Gardamar Hawa Mataki: Tarihin Da Ke Bayan Musun Wurin Mai Agashe

Mai karatu, ko kana bayan shanu ne a dajin Dindir, ko kana zaune kan buhunan riɗi a Gadarif kana jiran lorin Gallabat, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin tarihi na wannan mako.

In ka taɓa kwana a ƙauyukanmu na Jazira ko na bakin Nilul Azraƙ lokacin da ƙungiyar gari ke neman hawa mataki, ka san abin da ke faruwa bayan magariba a wurin mai agashe. Dattijo ya ce a tsare gida, wanda ya je garin wasu ya dawo da canjaras bai yi asara ba. Saurayi ya ce a'a Baba, a saka 'yan gaba uku a afka musu, tsoro ne ya hana mu hawa bara. Wani ya ce kociya ne bai iya canji ba, wani ya ce tun da aka shiga cirar auduga yaran ba sa zuwa atisaye. Har nama ya huce ba a gama ba. To, wannan musu yana da tarihi, kuma kowane ɓangare da hujjarsa.

Mu fara da lissafi, tunda kai ɗan kasuwa ne ko makiyayi, ba a yi maka wayo a ƙidaya. A zamanin da dattijon nan ya koyi kallon ƙwallo, wanda ya ci wasa maki biyu ake ba shi, canjaras maki ɗaya. Ingila ce ta fara ba da maki uku a 1981, aka yi amfani da shi a gasar cin kofin duniya ta 1994, daga 1995 kuma ya zama ƙa'idar da duniya ke bi. Ɗauki wasa huɗu. A tsohon lissafi, wanda ya yi canjaras huɗu da wanda ya ci biyu aka ci shi biyu, duk maki huɗu gare su. A sabon lissafi, mai canjaras yana nan da huɗunsa, ɗayan kuwa ya tashi da shida. Ka ga dattijo bai yi ƙarya ba, sai dai farashin da ya sani ya canza. Mai neman hawa a yau, in ya cika son canjaras, a ƙasa zai kwana.

Shi kansa tsanin da ake hawa, ga yadda yake a Sudan. Yaro yana farawa da dafuri, wato ƙwallon fili da ƙafa ba takalmi, wani lokaci ma da ƙwallon safa. Daga nan sai gasar unguwanni da ake kira rawabiɗ. Sai ƙungiya mai rajista ƙarƙashin hukumar ƙwallon yankinsu, daraja ta uku, ta biyu, ta ɗaya. Zakarun yankuna su ke shiga gasar share fage, ta'ahili, daga can ake neman Mumtaz, babbar gasar ƙasa da aka fara da wannan suna a 1996. Tun daga shekarar har yaƙi ya tsayar da wasanni a 2023, babu wanda ya ɗauki kofin Mumtaz sai Hilal ko Marrikh, dukansu na Omdurman. Kafin nan an samu masu karya su: Hilal ta Port Sudan ta zama zakara a 1992, Ittihad ta Wad Madani ta ɗauki kofin Sudan a 1990. Don haka in ɗan Jazira ya ce ƙaramin yaro na iya kayar da babba, ba mafarki yake ba.

Amma me ya sa abin ke taɓa zuciyar mutanenmu haka? Sai mun koma baya. A watan Yuli na 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, har suka sauka a bakin kogi kudu da Sinnar, garin da ke ɗauke da sunansa har gobe. Kafin su da bayansu akwai mahajjatan ƙafa, waɗanda guzuri ya ƙare musu a hanya suka tsaya neman na gaba. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aikin audugar Jazira ya buɗe, hannun Hausawa da Fulani yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa, daga shuka har cira.

Yanzu riƙe shekarar 1957 da kyau, don abu biyu suka faru a cikinta. A watan Fabrairu, a Khartum, aka kafa hukumar ƙwallon Afirka, CAF, da ƙasashe huɗu: Sudan, Masar, Habasha da Afirka ta Kudu. Aka buga gasar farko a nan, ba tare da Afirka ta Kudu ba, saboda ta ƙi kawo tawaga mai haɗe da baƙi da farare. A wannan shekarar kuma aka yi dokar zama ɗan ƙasa, wadda ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Lissafa da kanka: wanda kakansa ya taso bayan Burmi, ina ya faɗa? An sassauta dokar daga baya, amma dattawanmu da yawa sun sha wahalar neman jinsiyya, ana ce musu Fallata, baƙi, a ƙasar da aka binne cibiyarsu.

A irin wannan hali, teburin maki wani abu ne daban. In ƙungiyar ƙauyenku ta ci wasa, maki ukun nan naku ne, babu ma'aikacin da zai ce a kawo shaidu kan kakan mai tsaron gida. Sunan garin da ba a saba ji ba sai a lokacin cirar auduga, ga shi ana karanta shi a rediyo tare da na manyan garuruwa. Shi ya sa mutumin da bai taɓa taka leda ba yake jin zafin faɗuwa kamar an kore masa garke. Ba na ce maka ƙwallo ta warkar da komai ba. Rikicin 2022 a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, inda aka rasa rayuka masu yawa, aka raba dubban mutane da gidajensu, ya nuna tambayar wane ne ɗan ƙasa ba ta mutu ba.

Ƙwallon kuma ta sha haɗa gabas da yamma. A 1970 Wad Madani ta karɓi wasannin rukuni na kofin Afirka, wanda Sudan ta ɗauka bayan ta ci Ghana 1-0 a Khartum. A 1989 Marrikh ta ɗauki kofin zakarun kofuna na Afirka a hannun Bendel United ta Nijeriya. A 2009 kuwa ƙuri'a ta zuba Kano Pillars a rukuni ɗaya da Hilal da Marrikh da Zesco ta Zambiya, bayan Pillars ta fitar da Ahli ta Masar. Pillars da Hilal suka wuce zagayen kusa da ƙarshe. Ka tambayi duk Bahaushen Jazira da ya saurari wasannin nan wa ya goya wa baya, ka ga murmushi. Wannan Pillars ɗin, mai kofin Nijeriya huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, ita ce ta faɗa ƙaramar gasa a 2022, ta sake hawowa a 2023 tare da Katsina United. Suna ba ya buga wasa.

Akwai mutum na uku a wurin mai agashen nan, wanda ba a cika saurara ba. Shi ne ɗan kasuwar da ake zuwa wurinsa karɓar gudummawar riguna da kuɗin mota. Tambayarsa ɗaya ce: in mun hau, wa zai biya? A gasar yanki, lori ɗaya ya isa, a je a dawo a yini. A Mumtaz kuwa, kafin yaƙi, akwai tafiya Port Sudan, Atbara, Ubayyid, Kadugli, har Fashir, ga masauki, ga albashi, ga manyan ƙungiyoyi na jiran su ɗauke yaron da ya fi kowa iya ci. Makiyayi ya san wannan: kafin ka ƙara shanu, ka duba rijiya. Sau nawa aka ga ƙungiya ta hau da kiɗa da guɗa, shekara na zagayowa ta sauko da bashi?

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya rufe bakin masu musun nan duka. Ya isa Wad Madani a Disambar shekarar, filaye suka zama kufai, Hilal da Marrikh suka yi hijira zuwa gasar Muritaniya. Duk da haka tawagar ƙasa, ba ta da gida, ta ci Ghana 2-0 a Libiya a Oktoban 2024, ta samu gurbin zuwa kofin Afirka na Maroko.

Saboda haka, ɗan uwa, ranar da ka sauka a ƙauye ka tarar an koma jayayya kan 'yan gaba biyu ko uku, kada ka ce aikin banza ne. Zauna ka sayi agashe, ka ba dattijo girmansa, ka yi wa saurayi lissafin maki, ka kuma tambayi ɗan kasuwa ko rijiyar za ta ɗauka. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya tsare garke da kaya a hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.