Agogon Tsoho Humphrey da Masu Karatu na Ingila

A shekara ta 1840 Charles Dickens yana da shekara 28, sunansa kuwa ya riga ya gama Ingila saboda Pickwick Papers da Oliver Twist da Nicholas Nickleby. Amma ya gaji da jan dogon labari kashi-kashi. Sai ya shirya da masu buga littattafansa, Chapman da Hall, su riƙa fitar da wata mujalla kowane mako, sunanta Master Humphrey's Clock, kuɗinta taro, wato kwabo uku.

Ga yadda ya tsara ta. Wani tsoho mai naƙasa, Humphrey, yana zaune a London, yana ajiye takardu cikin akwatin tsohon agogonsa. Abokansa sukan taru a gidansa, a ciro takarda a karanta: yau gajeren labari, gobe wasiƙa.

Fitowa ta fari, ran 4 ga Afrilu, an sayar da wajen 70,000. Ashe mutane sun saya ne da tsammanin sabon dogon labari. Da suka ga guntaye ne, ciniki ya faɗi nan da nan.

Ba ƙin gajeren labari suke yi ba sam. Cikin Pickwick Papers ma akwai irinsu guda tara da aka cusa a tsakiya, littafin kuwa ya sami kasuwa ƙwarai. A can gyara ne, kamar wanda mai awo yakan ƙara bayan ya cika mudu. Wanda ba ya so ya tsallake. A nan kuwa gyaran kaɗai aka miƙa musu, aka ce su biya.

Dickens bai yi gardama da su ba, gama abincinsa yana cikin mujallar. Ya komo da Pickwick da baransa Sam Weller domin su jawo mutane. Abin da ya cece shi dai shi ne wani ɗan labari na fitowa ta huɗu, a kan yarinya Nell da kakanta. Ya miƙe shi, ya zama The Old Curiosity Shop, har ya cinye mujallar ɗungum. Kafin ya ƙare ana sayar da wajen 100,000 a mako. Barnaby Rudge ya biyo baya, aka rufe mujallar a Disamba 1841, bayan fitowa 88.

Sa'ad da aka sake buga labarin Nell shi kaɗai, Dickens da kansa ya cire agogon da taron abokan. Sawu ɗaya ya rage. Wanda ya buɗe littafin yau zai tarar da wani tsoho yana ba da labarin a babi uku na farko, sa'an nan ya yi sallama ya janye. Humphrey ke nan.